Turancin da Ya Rage a Bakin Baba

Littinin, 5 ga Mayu, 2025. Ƙarfe 4:10 na yamma.

Ina kan benci na biyu a barandar ɗakin maza, asibitin nan namu na Wurno. Baba yana gado na shida, kusa da taga. Na sayi wannan littafi a bakin ƙofa saboda likita ya yi tambayoyi, kowa ya ba shi amsa daban.

Ga abin da na tabbatar. Baba, Malam Abdulƙadiri, shekara sittin da huɗu, malamin firamare mai ritaya, ya faɗi a gindin rudun da yake ajiye albasa da misalin 9:40 na safe. Yaya Lawwali ne ya same shi. An iso da shi nan 10:55. Awon jininsa 210 bisa 120. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Idonsa biyu, yana bin mutum da kallo, amma ba ya magana. Ni ina Sakkwato a lokacin, wurin rajistar bautar ƙasa. Na iso 12:25.

Likita ya tambaye ni yaushe alama ta fara. Na ce 9:40.

Talata, 6 ga Mayu. 11:00 na safe.

180 bisa 105. Koko cokali biyar. Magana babu.

Alhamis, 8 ga Mayu. 2:30 na rana.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Inna ta ce, "Bakin hwa, likita?" Ya ce baki yakan dawo, yakan kuma ƙi dawowa, makonnin farko su ne ake dubawa. Ya ce ƙwayar hawan jini ba a fashinta ko rana ɗaya. Na sa ya maimaita, na rubuta.

Ya sake tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu kafin faɗuwar. Inna tana gyara wa Baba matashi. Ni ina rubutu.

Lahadi, 11 ga Mayu. 5:00 na yamma.

An sallame mu. An shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa na jikin zaure. Mutum ashirin da uku suka zo dubiya, na ƙirga takalma. Kowa ya ce, "Malam, sannu," ya jira. Baba ya buɗe baki, gefen hagu kaɗai ya motsa, iska ta fito. Bayan mutum na goma ya daina buɗewa.

Baffa Mode, ƙanen Baba, shi ne ya fi daɗewa. Ya zauna yana yi masa fifita har magariba, yana ba shi labarin kasuwar albasa kamar yana samun amsa.

Talata, 13 ga Mayu. 6:05 na yamma.

Na koma darasi. 'Yan mata tara ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare, nake koya musu Turanci a zaure bayan la'asar saboda jarabawarsu ta gabato. Inna ce ta ce in koma. Ta ce gida ya yi shiru da yawa.

Da littafin Baba nake koyarwa, mai koren bango, wanda ya rubuta da hannunsa a 1994 yana koyarwa a Goronyo. Kalmomi ɗari da ashirin ne a ciki, irin waɗanda yake kira fi'ili mai wutsiya. Yakan ce Turancin yau da kullum ba a manyan kalmomi yake ba, ƙananan fi'ilai ne da ake maƙala wa wutsiya, kuma wutsiyar ce ke jan ragama. Look, duba ne. Ka sa masa after ya koma kula da. Ka sa masa for ya koma nema. Kowane ɗaya ya yi masa jimla da abin da yara suka sani: mota ta lalace a hanyar Rabah, ruwa ya ƙare a randa, wane ya bar shan taba.

Yau mun yi run out of da break down. Mubaraka, ɗaya daga cikin 'yan ajin, ta ce ita Bature ya gajiyar da ita, mutum shi ce gudu alhali nufinai ƙarewa. Suka yi dariya. Na jira suka gama.

165 bisa 95. Magana babu.

Juma'a, 16 ga Mayu. 6:20 na yamma.

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Ƙarfe 4:52 na tambayi ajin da Turanci, mi mutum yake yi da takalmansa a ƙofar masallaci. Babu wadda ta amsa. Na sake tambaya. Sai daga bayan labulen ɗakin Baba murya ta ce, "Take off."

Muryar ta yi kauri, kamar ta mai abu a baki, amma tasa ce. Mu goma muka ji. Na shiga na durƙusa na ce, "Baba, mi kac ce?" Ya dube ni. Na ce, "Baba, wane ne ni?" Ban san dalilin da ya sa na ce wane ba. Bai amsa ba. Na ɗauki hularsa na nuna masa, na kai ta kansa. Ya ce, "Put on."

Kwana goma sha ɗaya ke nan.

Na fita na faɗa wa Inna tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta shiga, ta ce, "Malam." Ya dube ta ya ce, "Sit down." Ta juyo ta dube ni. Na ce ya ce ki zauna. Ta zauna.

Na ɗauka zan yi kuka. Na koma zaure na ba su aikin gida.

Asabar, 17 ga Mayu. 1:15 na rana.

Kalmomin yau: come in, go out, sit down, stand up, pick up, put on, take off. Bakwai. Duka daga shafi na ɗaya da na biyu. Hausa ko ɗaya. Inna ta fara masa salati ta bar masa ƙarshen, bai kama ba. Ta gwada sau uku.

Littinin, 19 ga Mayu. 3:40 na yamma.

Mun kai shi Sakkwato wurin masu gashin ƙashi na asibiti. Mai gashin, Mujaheed sunansa, ya motsa hannun da ƙafar, ya nuna wa Yaya Lawwali yadda za a riƙa yi a gida. Na gaya masa batun Turancin. Bai yi mamaki ba. Ya ce ya taɓa ganin wadda waƙar niƙa kaɗai ta rage mata. Abin da baki ya maimaita shekara da shekaru yakan tsira ko da sauran sun toshe. Ya ce, "Ƙohwar da duk tab buɗe, ku bi ta nan. Kullum. Kada ku bari ta ruhe."

Na tambaye shi ko da an kawo mutum da wuri, a ce da awa biyu da minti ashirin da biyar, da abin ya zo da sauƙi. Ya ce shi ba likita ba ne. Ya ce mi ya sa na tambaya. Na ce don in sani ne.

Laraba, 21 ga Mayu. 12:30 na rana.

Baffa Mode ya dawo daga Kwargaba, kwanansa shida can wurin shanu. Bai taɓa jin Turancin ba sai yau. Ya yi sallama ya shiga, ina ba Baba ruwa. Baba ya ture kofin da hannun hagu, ya kafe Baffa da ido, ya ce, "Mode looks after the goats."

Jimla ce cikakkiya, ta farko. Tana shafi na huɗu. Na sha karanta ta ban taɓa kawo Baffa a raina ba.

Baffa ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ce, "Mashkura, sunana nij ji. Mi yac ce?"

Na ce, "Cewa ya yi Mode yana kula da awaki."

"Awaki." Ya cire ɗayan takalmin. "Rabona da kiwon awaki tun tsohonmu na da rai."

Ya zauna ya kama hannun Baba ya ce, "Yaya, ni na. Ka ce la'ilaha illallahu." Baba ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito shi ne, "Stand up."

Baffa ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke fuska. Da ya gama ya kira Inna da Yaya Lawwali. Ni ba a kira ni ba, amma bango ɗaya ne.

Ya ce, "Wanga ba ciwon asibiti na ba. Mutum bai iya kalmar shahada, bai iya kiran matatai, amma shina zuba Turanci? Ba Yaya ad da bakin ga ba. Cikin mutanen ɓoye akwai Turawa, kowa ya sani. Gindin rudu da hantsi yah hwaɗi, wa yas san abin da yat taka?"

Yaya Lawwali ya ce likita ya ce jini ne. Baffa ya ce jini bai san sunansa ba.

Hukunci biyu. Za a kai Baba wurin wani malami a Tursa ranar Talata, a yi masa ruƙiyya. Kuma daga yau ba a Turanci a gidan nan, don kiran abin ake yi.

158 bisa 92.

Alhamis, 22 ga Mayu. 6:00 na yamma.

Mun koma zauren su Mubaraka. Put off da call off. Ban tuna jimlolin da na ba su ba.

Baba bai ce komai ba yau. Babu wanda ya ce masa komai da zai iya amsawa.

Juma'a, 23 ga Mayu. 8:10 na safe.

Ni ke ba shi koko da ƙwaya daga bakwai zuwa bakwai da kwata. Babu mai shiga a lokacin. Na saki labule na ce a hankali, "Come in." Ya maimaita. Mun yi kalma tara.

Na lura da wani abu tun makon jiya. Duk ya faɗi ɗaya, sai ya bugi katifa sau biyu da hannun hagu, ya dube ni. Na tambayi Yaya Lawwali a bakin rijiya, don shi Baba ya koyar a aji huɗu. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai jira shika yi. Shi hwaɗi Turancin, shi bugi tebur sau biyu, aji duka su amsa da Hausa. Wanda yam makara shi sha rankwashi. Kaina har yau akwai shaida."

Ashe mako guda yana tsaye gaban aji, babu mai amsawa.

Asabar, 24 ga Mayu. 7:30 na safe.

Ya ce, "Come in." Ya buga biyu. Na ce, "Shigo." Ya ce, "Go out." Na ce, "Hita." Muka bi su sau huɗu, yana sauri ina binsa.

Sai na juya. Na riga shi, na ce, "Sit down," na bugi katifar sau biyu.

Na ƙirga a zuci har goma sha huɗu.

Ya ce, "Zauna."

7:11. Na duba agogo sau biyu. Na sake gwadawa da come in. Ya ce shigo, sh ɗin bai fita sosai ba. Na uku bai zo ba, ya rufe ido.

Koko ya huce. Na ba shi haka nan.

Lahadi, 25 ga Mayu. 2:00 na rana.

Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa Baffa. Ya ce a yi a gabansa. Ya zo da Gwaggo Kyauta, babbar yayarsu, wadda ta iso jiya daga Taloka. Mu biyar a ɗakin, ga zafi.

Gwaggo ta ce, "To Malama, a yi muna bokon mu gani. Shekara huɗu kina jami'a, yau dai mu ci amhwaninta."

Na durƙusa. Na ce, "Sit down." Na buga biyu. Baba ya dubi Gwaggo, ya dubi Baffa, ya dubi bango. Na sake. Na yi come in. Na koma sit down. Sau shida duka. Gumi yana bin wuyansa. Yaya Lawwali ya ce a ƙyale shi ya huta. Baffa ya ce a'a, a ba ta lokacinta, kada ta ce an hana ta.

A na bakwai Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce da ƙarfi, "Go out."

Gwaggo ta ce, "Mi yac ce?"

Ina iya cewa komai. Babu mai jin Turanci a cikinsu sai Yaya Lawwali, shi kuma ƙasa yake kallo. Na ce, "Ya ce a hita."

Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi. "Kun ji ko? Abdu bai taɓa korata ɗakinai ba, ko randa nik kwashe mai tattabaru nis sayar. Wanga baƙo na."

Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗiyata, na san so na. Amma ke adda kiran shi, shi ko shina amsa miki. Ba ki zuwa Tursa." Ya ce Inna kaɗai za ta zauna da shi. Ya ce kuma a bar ƙwayar asibiti a gida har a gama, ba a haɗa magani biyu.

Na ce likita ya ce ko rana ɗaya. Na buɗe shafin 8 ga wata na nuna masa. Ya dubi rubutun ya ce, "Allah shi yi miki albarka."

Littinin, 26 ga Mayu. 5:45 na yamma.

Ban je darasi ba. Inna ta kira ni madafa bayan azahar, ta tura ƙyaure. Ta ɗauko gwangwanin da take ajiye kanwa ta ce in juye ƙwayoyin a ciki, in nuna mata ta safe da ta yamma. Fara da safe, ja da yamma. Ta ce za ta murƙushe a koko.

Sai ta zauna kan turmi ta ce, "To, koya min abin."

Na ce wane abu.

"Abin da kika ce mai shi amsa. Ke ba ki zuwa, ni ka zuwa."

Inna ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Mun fara da shida. Come in ta ce kamin, na ce ta raba shi biyu. Go out ta ce gawut. Ta ce wanga harshe kamar mutum na tauna guringuntsi. A pick up ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ashe sunan mota na. Ta ce shekara talatin da takwas tana aure da malamin Turanci bai koya mata ba, sai yau da ya kwanta. Na nuna mata bugun: biyu, ba uku ba, sannan ta yi shiru ta ƙirga goma sha biyar, kada ta taimaka masa.

Mun yi awa ɗaya da minti arba'in. Huɗu sun zauna: come in, go out, sit down, stand up.

Tana tashi na ce, "Inna, ranar da ya faɗi. Da bakwai da kwata yana shan koko, na ga yana zuba ta gefen bakinsa na dama. Ya ce in miƙo masa buta, kalmar ta fito a karkace. Na san abin da ake cewa game da wannan, na karanta a bangon asibitin makaranta. Mota tana jirana. Na ce sai na dawo, na tafi."

Ban taɓa rubuta shi ba sai yanzu.

Inna ta ɗaure gwangwanin a bakin zanenta. Ta ce, "Na gani. Ni niw wanke rigar." Ta buɗe ƙyaure. "Sake hwaɗa min na tashi tsaye."

Talata, 27 ga Mayu. 9:20 na safe.

Sun tafi 8:35, don a isa a dawo da motar kafin la'asar. Yaya Lawwali da Baffa suka ɗauke shi. 150 bisa 90 kafin a fita. Abin awon yana nan wurina, Inna ba ta iya karanta shi.

Alhamis, 29 ga Mayu. 6:00 na yamma.

Get over da give up. 'Yan mata bakwai suka zo.

Lahadi, 1 ga Yuni. 4:00 na yamma.

Babu labari. Sabis ba ya kamawa can sai an hau tudu. Na share ɗakinsa. Na sake sharewa.

Talata, 3 ga Yuni. 1:50 na rana.

Baffa ya kira daga Tursa 12:40. Ya ce, "Mashkura, baƙon ya hwara sakin shi. Ya yi Hausa. Alhamdu lillahi, aikin Malam ya ci." Ya ce tunda ana samun sauƙi ba za a dawo da shi Sallah ba, sai an cika kwana arba'in. Sannan ya ba Inna wayar. Minti biyu da daƙiƙa goma muka yi, Baffa yana kusa.

Inna ta ce, "Kanwa na nan, ina sawa." Ta ce jiya da hantsi ta ɗebo ruwa, ta tsaya bakin ƙofar ɗakin tana gyara tulu, sai Baba ya ce, "Shigo."

Na ce, "Kin faɗi naki tukuna? Kin buga?"

Ta ce, "Ban ce komi ba. Hannuna biyu na ga tulu."

Na ce ta tuna da kyau. Ta ce, "Ke dai da tambaya." Sai layin ya yanke.

Abubuwan da ban sani ba zuwa yanzu:

Awon jininsa tun ranar 27.

Ko malamin ne ya ce a bar ƙwaya, ko Baffa ne. Yaya Lawwali ya ce shi bai ji daga bakin malamin ba.

Yadda za a kai wa Inna wasu idan na gwangwanin sun ƙare ranar 14.

Ko tana samun ɗakin ita kaɗai da safe, kuma ko huɗun suna nan ko sun koma uku.

Ko zan kasance nan idan ya dawo. Takardar bautar ƙasa tana iya fitowa kowane lokaci, ban san jihar ba.

Wanda zan ce ya buɗe bakin, idan aka tambaye ni.

Ko Inna ta faɗi come in a hanya tana bita ita kaɗai, ya jiyo ta, ya ba da amsar aji. Ko kuwa matarsa ya gani a bakin ƙofa da tulu, ya ce ta shigo.